Mil Arba'in da Ɗaya

Daga ƙofar kwalejinmu zuwa ta Ellwood
mil arba'in da ɗaya ne, ba ƙari.
Na san ramin da ke bayan gadar ƙarfe,
na san gonar dankalin da kare mai ƙafa uku
ke fitowa ya yi wa bas ɗina haushi.
Ni ne Orrin, shekara ashirin da shida
ina jan 'yan wasa a hanyoyin Idaho.

Mu da Ellwood ba ma ga maciji
tun kakana yana yawo da gajeren wando.
A kan me? Tsohuwar fitilar mai gadin jirgin ƙasa,
gilashinta a tsage, ko a gwanjo ba ta yi dala biyar ba.
Wanda ya ci wasan Nuwamba ya tafi da ita,
wanda ya sha kashi ya shekara yana sunkuyar da kai a kanti.
A filinsu na fara ganin Lorna,
sanye da jar rigarsu, tana yi mini ihu.
'Ya'yanmu uku yanzu.

Sai wata Talata
shugaban kwaleji ya fito cikin sabuwar kwat,
ya ce mun ci gaba, mun shiga babban rukuni,
masu talabijin sun kwance bakin jaka.
Aka tafa. Na tafa, don kowa yana tafawa.
Da dare na shimfiɗa taswira a teburin kicin
ina laluben sababbin maƙwabta da ɗan yatsa:
ɗaya a bakin tekun gabas,
ɗaya can inda ba su san dusar ƙanƙara ba.
Sunan rukunin Taran Yamma, kwalejojinsa goma sha biyar.
Lorna ta leƙo ta ce,
ashe masu digiri ma lissafi kan kwance musu.

Yanzu iyakata filin jirgi.
Ƙarfe uku na dare nake kwasar 'yan ƙwallon raga,
kowacce rungume da matashin kanta.
Maite Etxeberria, mai karatun jinya,
tana buɗe littafin ƙasusuwa a cinya,
barci ya sace ta kafin mu fita gari.
Shafin nan ɗaya take kai tun Satumba.
Da can mahaifinta kan rufe tumakinsa
ya biyo bayanmu a akori-kura yana danna oda.
Yau a waya yake kallonta,
in ya hau tudu, in iska ta yarda.
Kuɗin ya tafi wajen 'yan zari-ruga,
gajiya ce kawai aka raba daidai.

Ellwood ba a aika musu goron gayyata ba.
Kasuwa ta watse ta bar su da rumfa,
da fili mai cin mutum dubu ashirin, da bashinsa.
Dewey mai gashin nama a bakin ƙofarsu
ya sa murhunsa a kasuwa.

An ce zumunta a ƙafa take.
Ban san gaba ma haka take ba
sai da na rasa wanda zan yi wa dariya a gidan mai.
Yaya zan tsani garin da ban san warin ruwansa ba?

Fitilar tana wurinmu, mu muka ci wasan ƙarshe.
Tana cikin akwatin gilashi, ana goge ta duk Juma'a,
ba mai zuwa ƙwatarta.

Asabar da ta wuce Lorna ta ciro jar rigar nan,
ta matse ta, amma ta sa.
Muka shiga ƙaramar motarmu, ba wasa, ba dalili.
Ramin yana nan bayan gada, na kauce masa.
A gonar dankali na rage gudu.
Karen ya ɗago kai, ya dube mu,
ya mayar da haɓarsa ƙasa.